Sojan da nakiya ta taɓa ma kai, wa ke ciyar da shi?

Kwana goma sha ɗaya na yi zaune kan tabarma a ƙofar ɗakin masu rauni mai tsanani, ni da ƙanwata. Ɗanta na fari soja ne. Motarsu ta taka nakiya a yammacin ƙasar nan, biyu daga cikin abokan aikinsa suka rasu nan take, shi kuma aka kawo shi bai san inda kansa yake ba. Likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu, kuma ban ɗauki alƙalami don in ci masu fuska ba. Sun ɗauki hoton kai, sun yi aiki sun kwashe jinin da ya taru ƙarƙashin ƙoƙon kai, sun rataya masa ƙarin ruwa. Amma har kwana na shida babu abin da ya shiga cikin yaron nan da za a kira abinci. Kullum uwarsa ta dama kunu ta zuba a tarmos ta zo da shi, kullum ta koma da shi gida. Ran nan ta dube ni ta ce, "Yaya, wai ruwan nan da suke sa masa shi ne abincin nasa?" Na ce mata i, don haka na zata. Ashe ƙarya na yi mata ban sani ba.

Wani matashin ma'aikacin jinya mai aikin dare ne ya ja ni gefe. Ya ce, "Baba, wannan ruwan gishiri ne. Yana riƙe masa jini, amma babu abinci a ciki ko na ƙwayar hatsi. Gobe in likita ya zo zagaye ku tambaye shi maganar tiyon hanci." Muka tambaya, aka sa tiyo a rana ta bakwai. Abin da za a zuba a ciki kuwa aka ce mu nemo. Ni, malamin lakwal mai ritaya, da ƙanwata mai sayar da ƙosai, mu ne muka zauna muna lissafin madarar gari da ƙwai nawa za a dama ma sojan ƙasa, ba ma'auni, ba takarda, sai abin da yaron nan mai aikin dare ya rubuta mana a bayan kwalin magani.

Allah ya yi da sauran kwana, ɗan ƙanwata ya farfaɗo. Amma wanda ya tashi daga gadon nan ba za ka ce shi ne ƙaton da ke ɗaukar buhun hatsi shi kaɗai ba. Damatsansa sun tsotse, gyambon kwanciya ya ci masa ƙugu, ciwon huhu ya kama shi sau biyu. Ba zan ce yunwa kaɗai ta yi masa wannan ba, nakiya ta yi nata. Abin da nake cewa, kuma shi ne dalilin rubutun nan: ga wanda ya samu rauni a ƙwaƙwalwa abinci magani ne, yana da lokacinsa da ma'auninsa kamar allura, kuma hukumar da ta ɗauki yaro lafiyayye ta ba shi bindiga ita ce ya kamata ta ɗauki nauyinsa, tun daga daren farko har ya warke. Barin wannan aiki a hannun uwa da tarmos ɗinta sakaci ne, ko da kuwa ba wanda ya yi shi da gangan.

Da muka dawo gida raina bai kwanta ba, na shiga karatu da tambayar likitocin da na sani. Ga abin da na fahimta, a taƙaice. Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin mutum ba, amma ita kaɗai tana cinye kusan kashi 20 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke ƙonawa. Idan ta samu mummunan rauni, jiki gaba ɗaya sai ya shiga halin yaƙi: zuciya na gudu, zazzaɓi na tashi, kuma abin da jiki ke ƙonawa yakan ƙaru da wajen kashi 40 cikin 100, wani lokaci fiye, alhali mutum na kwance ko yatsa bai ɗaga ba. In ba a ba jiki abin ƙonawa daga waje ba, sai ya juya ya ci kansa. Da tsoka yake farawa, har da tsokar da ke jan numfashi da wadda ke yin tari. Hanjin da ya daɗe babu komai a cikinsa yakan yi laushi, ƙwayoyin cuta su samu hanya. Garkuwar jiki ta faɗi, miki ya ƙi rufewa. Hausawa sun ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ƙwaƙwalwar da ake so ta gyara kanta, da me za ta yi gyaran?

Ruwan da ake ratayawa ba ya biyan wannan bukata. Na gishiri ba shi da kalori ko ɗaya. Na sukari irin wanda aka saba, lita guda tana ɗauke da giram 50 na sukari, wajen kalori 200 ke nan, alhali babban mutum a wannan hali yana bukatar sama da 2,000 a yini, kuma babu furotin a ciki ko kaɗan. Ga shi kuma likitoci na gudun sa shi ga mai kumburin ƙwaƙwalwa don yana iya ƙara kumburin. Ke nan ledar da muke kallo tana ɗiga muna samun kwanciyar hankali, ba ta ciyar da kowa.

Waɗanda suka fi kowa bin diddigin wannan magana Amurkawa ne, kuma dole ce ta sa su. A yaƙin Iraƙi da na Afganistan nakiyar gefen hanya ce ta fi yi masu ɓarna, irin wadda ake binne ma askarawanmu yau a Tilaberi da Tawa da Difa. Hular kwano da rigar sulke sun sa sojoji da yawa sun tsira da rai, amma iskar fashewa takan girgiza ƙwaƙwalwa a cikin ƙoƙonta ko da fata ba ta tsage ba. Ma'aikatar tsaronsu ta ƙirga sojoji sama da 450,000 da aka samu da raunin ƙwaƙwalwa tsakanin 2000 da 2021, fiye da kashi 80 cikin 100 mai sauƙi ne, saura kuma mai tsanani ko matsakaici. Tun kafin adadin ya kai haka ta nemi wata babbar cibiyar masanansu mai suna Institute of Medicine ta duba ko abinci na da rawar da zai taka. Rahoton ya fito a 2011. Mutum zai zaci ƙasa mai arziki irin wannan za ta fito da wata ƙwaya mai tsada. Babbar shawarar da suka bayar ita ce: a fara ciyar da mai rauni mai tsanani cikin awa 24 na farko, a ba shi fiye da rabin ƙarfin da jikinsa ke ƙonawa, da furotin giram 1 zuwa 1.5 ga kowane kilo na nauyinsa, a ci gaba da haka har mako biyu.

Ba da ka suka yi maganar ba. A 2008 likitan tiyatar ƙwaƙwalwa Roger Härtl da abokan aikinsa sun buga binciken da suka yi kan majinyata 797 a asibitoci 22 na jihar New York. Waɗanda ba a ciyar ba har kwana biyar, haɗarin mutuwarsu ya ninka sau biyu. Waɗanda aka bari har kwana bakwai, sau huɗu. Mai gardama zai ce ai wanda ciwonsa ya fi tsanani shi ne ya fi wuyar ciyarwa, don haka ba mamaki ya fi mutuwa. Maganarsa na da ƙamshin gaskiya, kuma masu binciken sun sa tsananin rauni da shekaru cikin lissafinsu, bambancin bai gushe ba. A 2016 ƙa'idojin da gidauniyar Brain Trauma Foundation ta fitar, waɗanda likitocin duniya ke dubawa, sun ce a tabbatar mai rauni ya kai ga cikakken abincin da jikinsa ke bukata zuwa kwana na biyar, in an yi jinkiri ƙwarai na bakwai. Mu a kwana na bakwai aka fara ɗiga ma namu cokalin farko. Duk lokacin da na tuna wannan sai in ji tsigar jikina ta tashi.

Ga wani abu da ya kamata mu tsaya a kansa. Ran 8 ga Janairu 2020 Iran ta harba makamai masu linzami kan sansanin Ain al-Asad a Iraƙi. Ba sojan Amurka ko ɗaya da ya mutu, shugabansu na lokacin har ya ce ciwon kai ne kawai wasu suka yi. Amma likitocinsu sun bi sojojin ɗaya bayan ɗaya, suka fito suka ce sama da 100 sun samu raunin ƙwaƙwalwa. Washegari, 9 ga wata, aka kai hari Cinagodar, muka rasa sojoji 89, wata guda bayan 71 na Inatas. Mun yi makokin kwana uku, tuta ta sauka, kuma sun cancanci fiye da haka. To waɗanda suka fito daga wuraren nan da ƙafafunsu, kunne na ƙara, kai na juyawa, wa ya taɓa jin an karanta adadinsu a rediyo? Mun iya ƙirga gawa. Wanda ba a ƙirga ba kuwa, ba a yi masa kasafi, wanda ba a yi ma kasafi ba kuma uwarsa ce za ta ciyar da shi.

Na san amsar da za a ba ni, na sha jin ta: Nijar ba Amurka ba ce, talauci ne. Wannan amsa ba ta karɓuwa a nan, kuma ga dalili. Na'urar ɗaukar hoton kai tana cin miliyoyi, likitan tiyatar ƙwaƙwalwa sai an yi shekaru ana horar da shi, jirgin kwaso masu rauni sai ƙasa ta yi da gaske. Duk waɗannan in aka ce babu hali, zan saurara. Amma tiyon hanci roba ce. Sojan da ke da kilo 70, bisa lissafin rahoton can, yana bukatar furotin giram 70 zuwa 105 a yini. Ƙwai ɗaya na da wajen giram 6, litar madara wajen 33, giram 100 na wake wajen 23, na gujiya wajen 25. Lita guda ta madara da ƙwai huɗu da ɗan wake sun kai giram 80. A ƙasar da dabbobi suka fi mutane yawa, ƙasar da ke loda wake a manyan motoci zuwa Najeriya, ƙasar kilishi da cuku da ƙuli-ƙuli, a ce an rasa abin da za a ba sojan da ke kwance? Abincin gwangwani da aka haɗa musamman don tiyo ya fi tsabta ya fi sauƙin aunawa, kuma shi ya kamata a tanada don kwanakin farko. Inda babu shi, ɗakin girki mai tsabta da injin niƙa da ma'aikaci ɗaya da ya san lissafi sun isa su raba mutum da yunwa.

Kuma kada a ce ba mu da sani. In akwai ƙasar da ta ƙware wajen ciyar da jikin da ya rushe, Nijar ce, kuma da hawaye muka koya. A yunwar 2005 ƙungiyar likitoci ta MSF kaɗai ta yi jinyar yara sama da 60,000 masu tamowa mai tsanani a ƙasar nan, da yawansu a jihar Maraɗi. Tun daga lokacin, a Maraɗi da Damagaram da Tawa akwai ma'aikatan jinya da suka san auna damtse, suka san sa tiyo a hancin jariri, suka san ba a cika ma mai yunwa ciki lokaci guda, da madara mai sauƙi ake farawa kafin a hau zuwa mai ƙarfi, suna rubuta kowane awo a takarda. Ɗan ƙunshin Plumpy'Nut mai giram 92 yana ɗauke da kalori 500, gujiya ce da madara da mai da sukari, kuma a Yamai akwai masana'antar da ke yin shi. Ban ce a ɗauki abincin yara a ɗura ma soja ba, bukatunsu daban. Na ce hannun da ya iya wancan zai iya wannan in an ba shi umarni da kayan aiki. Abin da ya rage a yanke shawara a sama cewa ciyarwa na cikin jinya.

Maganar kuɗi kuwa, gara kada a tayar da ita. Binciken da aka yi a ma'aikatar tsaro, wanda ya fito fili a 2020, ya nuna miliyar 76 na sefa da suka salwanta ta hanyar ƙara farashi da kayan da aka biya ba a kawo ba. Kwano nawa na madara ke cikin miliyar guda? Yau kuma akwai asusun ceton ƙasa da aka buɗe a Oktoba 2023, wanda talaka ke zuba ma kuɗi, mai jika ya ba da jika, mai dala ya ba da dala, don a ƙarfafa jami'an tsaro. Madalla. Sojan da ke kwance da tiyo a hanci shi ma jami'in tsaro ne, bai ajiye kaki ba, kaki ne aka yanke daga jikinsa da almakashi. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Mu ma dangi muna da namu laifin, kuma ba zan ɓoye ba. A ɗakin nan na ga wata tsohuwa ta faki idon ma'aikata ta ɗaga kan ɗanta da ke sume tana ɗura masa ruwan rubutu da cokali. Ƙauna ce ta sa ta, amma wanda ba ya cikin hayyacinsa ba ya iya haɗiya daidai, abin da aka zuba sai ya bi hanyar iska ya sauka huhu, ya zama ciwon da ke kashewa. Ko bayan mutum ya farfaɗo, raunin ƙwaƙwalwa yakan lalata haɗiya, shi ya sa sai an gwada shi tukuna, a zaunar da shi tsaye, a fara da abu mai kauri kaɗan kaɗan. Mu kanmu da muka dawo gida, gwaggonmu ta hana a ba yaron ƙwai da gujiya da nono, wai suna sa miki ruwa. Na ce mata, "Gwaggo, ki yi haƙuri, abin da kika hana shi ne abin da zai rufe mikin." Ta yi kwana biyu ba ta amsa gaisuwata ba. Kunu tsararo da farar shinkafa suna cika ciki, amma ba su gina tsoka. Sai an haɗa da wake, da nono a fura, da zogale, da kifi ko nama in an samu, da fara ma a lokacinta.

Jinyar kuma ba ta ƙarewa a ƙofar asibiti. Ɗan ƙanwata ya dawo ba ya jin ƙanshi, abinci duk ɗaya ne a bakinsa. Yakan manta ko ya ci ko bai ci ba. Wata rana na iske shi da la'asar kwanonsa na rufe tun safe, na ce me ya hana ka ci, ya ce, "Kawu, ai na ci." Bai ci ba, kuma ba ƙarya yake yi ba. Wasu kuma akasin haka ke samunsu, ba su san ƙoshi ba. Ga saurin fushi, ga rashin barci, ga farfaɗiya da kan biyo bayan rauni. Mutanen unguwa sai su ce iska ce ta taɓa shi, ko ya fara shaye-shaye. Wani lokaci shaye-shayen na zuwa da gaske, don wanda kansa ke sara dare da rana, ba mai duba shi, shayi mai ɗaci da taba da tiramol ne ke zama abincinsa, kuma tiramol da giya suna buɗe ma farfaɗiya ƙofa. Albashin ƙaramin soja da ke ciyar da gida guda ba zai ɗauki ƙwai da madara kullum na wata shida ba. Shi zai fara haƙura ya bar ma yara.

Inda hukuma ta bar giɓi, nan ƴan kasuwa ke shiga. Tun muna asibiti ake turo mana hotunan kwalabe ta WhatsApp, wannan na "farfaɗo da ƙwaƙwalwa", wancan daga Dubai, kowanne kuɗinsa ya fi buhun hatsi. Ku ji abin da masu binciken da kansu suka ce. Rahoton 2011 ya ambaci man kifi da zinki da kolin da kiriyatin a matsayin abubuwan da suka cancanci a ƙara bincike a kansu, bai ce a raba ma sojoji ba. Da aka gwada sitikolin, maganin da ake sayarwa a ƙasashe da yawa da sunan gyaran ƙwaƙwalwa, kan majinyata 1,213 a Amurka, sakamakon da ya fito a 2012 ya nuna bai fi ƙwayar banza ba. Hukumar abinci da magunguna ta ƙasar ta fito ta gargaɗi jama'a cewa babu wani ƙarin abinci na kwalba da aka tabbatar yana warkar da girgizar ƙwaƙwalwa, kuma rundunar sojansu na cikin waɗanda suka fara kai kuka. Kuɗin kwalba ɗaya zai sayi ƙwan wata guda. Wanda zai sayar ma uwar soja garin da ba a san asalinsa ba alhali ɗanta na kwance, ya ji tsoron Allah.

Ga abin da nake nema, kuma ba na jin ya fi ƙarfin ƙasar nan. A rubuta ƙa'ida, a manna ta a bangon duk ɗakin da ake kwantar da masu rauni a ka: cikin awa 24 likita ya yanke yadda za a ciyar, in akwai dalilin jinkiri ya rubuta shi. A auna nauyin majinyaci ranar shiga da kowane mako, a rubuta abin da ya shiga cikinsa kamar yadda ake rubuta allura. A sa masanin abinci cikin masu zagayen safe, muna da matasan da suka karanta fannin suna zaune ba aiki. A ware kuɗin abincin tiyo cikin kasafin lafiyar soja da sunansa, yadda ba za a karkatar da shi zuwa man mota ba. Duk sojan da nakiya ta tashi kusa da shi a duba kansa ko da bai zubar da jini ba, a rubuta sunansa. Wanda aka sallama a bi shi da tallafin abinci na watanni, a zaunar da matarsa ko uwarsa a koya mata abin da za ta dafa da yadda za ta ba shi. In an yi ma soja wannan, ɗan kabu-kabun da ya faɗi kan kwalta ba hular kwano shi ma zai ci albarkaci, don ɗaki ɗaya ake kwantar da su.

Ku kuma ƴan'uwana masu zaman tabarma a ƙofar asibiti, kada kunya ta hana ku tambaya. Ku gaida likita da ladabi ku ce: yaushe za a fara ba shi abinci, ta wace hanya, nawa a yini? Tambaya ce ta halal. Da na san in yi ta a daren farko da na yi.

Ɗan ƙanwata yanzu yana takawa da sanda har masallaci. Uwarsa ta rataya allo a bangon ɗakinsa, duk abincin da ya ci ta ja layi da alli, safe da rana da dare. Ita ta ƙirƙiro wannan dabara da kanta, ba wanda ya koya mata. Aikin da ya kamata a fara yi masa tun yana kan gadon asibiti ke nan. Allah ya ba masu rauni lafiya, ya jiƙan waɗanda suka kwanta dama, ya ba shugabanni ikon jin wannan kuka.